Haƙorin Baba a Cikin Na'ura

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da siton hatsin wani Alhaji a Funtua. Na ga abubuwa iri-iri, amma ɗaya ne har yau in na tuna shi abinci ke fita raina.

Muna da wani dattijo, kowa Baba yake ce masa. Aikinsa guda ne. In manomi ya kawo masara, Baba zai zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo 'yan ƙwayoyi ya gatsa. In ta ce ƙas, ta bushe, a shigar. In ta lotsa a haƙori, mai ita ya koma ya ƙara shanyawa. Da wannan yake riƙe gidansa tun kafin a ɗauke ni aiki.

Wata shekara masu haɗa abincin kaji da ke sayen masararmu suka ce su fa ba su san haƙori ba, lamba suke so a rubuce. Sai Alhaji ya ɗauko wani kamfanin fasaha daga Kaduna. Suka turo mana injiniya, wata mata mai haƙuri, da na'urar auna danshi mai ɗan ƙarfe da ake sokawa cikin buhu, tana tura sakamako zuwa waya.

Kai, na'urar nan ta ba mu kunya! Buhunan da ta ce sun bushe, Baba ya ce da saura. Muka bi ta na'ura, wata bai zagayo ba suka yi hunhuna. Injiniya ta duba ta sake dubawa, ba ta ga laifin kayanta ba. Baba ya yi dariya ya ce mata, “'Yata, ƙarfenki a bakin buhu yake tsayawa. Manomi ba wawa ba ne, busasshiyar yake zubawa a sama.”

Ta same ni a ofis ta ce, “Malam, ni na san na'ura, shi ya san masara. Ku ba ni shi kakar bana, mu gyara abin nan tare.”

Baba ya ƙi. Ya ja ni gefe ya ce, “Malam, in na koya wa ƙarfe aikina, ni kuma in ci me?”

Na ce, “Haba Baba! Wallahi muddin ina siton nan ba mai taɓa maka wurinka.” Haka na rantse, ban ko tuntuɓi Alhaji ba. Na gaji ne da surutun masu saye, so nake kawai a wuce wurin.

Da haka Baba ya yarda. Mun sha wahala a kakar nan. Mai walda ya ƙara wa ƙarfen tsawo har sau uku. Baba ya nuna inda za a soka: sama, tsakiya, da can gindin buhu ta gefe. Ya gatsa ya faɗi nasa, na'ura ta faɗi nata, injiniya ta rubuta, ta kira mutanenta na Kaduna su gyara manhajar. Rabin wayar “kana ji na?” ce. Baba ne ya gane musu cewa masarar da aka ɗauko daga Gozaki da sassafe a kan babur raɓa ce a jikinta, a bari ta sha iska kafin a auna. Muƙamuƙinsa har kumbura ya yi. Ni kuwa na zauna taro har na tsani kujera.

Kafin ƙarshen kaka, abin da Baba ya faɗa shi na'ura ke faɗa. Hunhuna ta ƙare. Kamfanin ya shiga sayar da ita ga masu sito har Malumfashi, ana ta yaba musu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai Alhaji ya kira ni ya ce, “Tunda abin nan ya iya, dattijon nan ya je ya huta.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai shi ya koya mata.”

Ya ce, “To ai ta koya. Ka gaya masa.”

Na ce to. Ina da 'ya'ya, kuma ni matsoraci ne, ba sai an faɗa mini ba. Injiniya da ta ji ranta ya ɓaci, ta ce za ta yi wa manyanta magana. Ban sake jin komai ba.

Na tarar da Baba zaune kan buhu a ƙofar sito. Ina ta kame-kame, ya dube ni, ya ɗebi masara ya gatsa, ya ce wa 'yan dako, “Wannan ta bushe, ku shigar.” Sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

Ya ce, “Ba sai ka faɗa ba, Malam. Ka dai yi kaffarar rantsuwarka. In ciyar da miskinai goma za ka yi, ka sa da gidana.”