Gashin da Ya Sa Na Fara Wasiyya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da magani a wani ƙaramin shago, mutum ya zo da ciwon kai in yi masa tambayoyi kamar ni na rubuta littafin. Sai ga shi nawa kan ya gagare ni shekara biyu cur.

Allah ya ba ni gashi kamar ya haɗa min da rabon maƙwabta. 'Yan ajinmu Dami suke kirana, wai kaina kamar damin ciyawa. Inna takan matse ni tsakanin gwiwoyinta ta ja, in yi ihu, ta ce, "Kitson da bai ɗaga gira ba wasa ne." Na girma na yarda cewa kyau da zafi uwarsu ɗaya.

Bayan haihuwata ta biyu na ƙudura sai na bar shi ya kai gadon baya. Kullum da safe in jiƙa shi don ya kwanta, in tattara a tsakiyar ka, in tamke da roba uku, in ɗora ɗankwali in ƙara tamkewa. Kafin azahar sai ƙeya ta fara bugu, ciwon ya hau har goshi.

Na zargi fankar shago, aka cire ta muka sha zafi. Na zargi rediyon maigida, bawan Allah ya koma jin labarai a ƙofar gida. Na sayi tabarau, alhali ina iya karanta rubutun kwalbar magani daga bakin ƙofa. Da abin ya ƙi, na yanke wa kaina hukunci: wani mugun abu ne ke girma a ƙwaƙwalwata. Na kira Yaya na fara faɗa mata yadda za ta riƙe min yara.

"To, firij ɗin fa wa kika bar wa?" in ji ta. "Tashi mu je asibiti, kafin ki raba tukwane."

Likita ta auna jini, ta haska idanuna, ta ce in cire ɗankwali. Wata dattijuwar nas ta matso don ta taimaka min, sai ta ja baya.

"Baiwar Allah, wa ya ɗaure miki kai haka? Laifin me kika yi masa?"

"Ni ce," na ce.

Ta sa almakashi ta datse robobin. Gashin ya zubo, ni kuwa na ji kamar an sauke min tulu bayan doguwar tafiya. Girata ta koma inda Allah ya ajiye ta. Kafin likita ta gama rubutu, bugun ya yi sauƙi.

"Aikin me kike yi?" likita ta tambaya.

"Ina ɗan zaman gida ne," na ce, ina kallon ƙasa.

"Magani take sayarwa, likita," Yaya ta ce da ƙarfi, har na bakin ƙofa suka ji.

Nas ɗin ta yi dariya har da riƙe ƙugu, sannan ta ɗaga hularta ta nuna min nata, ya fi nawa cika. Ta ce in daina ɗaure shi a jiƙe, ruwa nauyi yake ƙara masa. In raba shi biyu ko huɗu, in ɗaure can ƙasa kusa da wuya, da ƙyalle mai laushi, yadda yatsa biyu za su shige. In riƙa sauya tsaga kada wuri ɗaya ya yi ta ɗaukar kaya.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce mai kitsona. Na ce ta sassauta hannu, ta ajiye mataji ta ce, "Haba 'yar'uwa, a ga kitson sako-sako a ce ni na yi? Sunana za ki ɓata." Sai da na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa hannunta ba ne.

Yanzu gashin ya wuce kafaɗa da kusan taƙi guda. Kitson ba ya wuce kwana goma ya tsufa, kuma da rana wasu silayen gashi kan leƙo ta gefen ɗankwali kamar masu neman gulma. In abokiyar aikina ta nuna min, in tura su ciki da yatsa in ci gaba da aikina.