Albasar Baba Direba

Baba Direba ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar mota, yana ɗauko kaya daga bakin teku. Abokan aikinsa kan dawo gida da atamfa ko rediyo. Shi kuwa wata rana sai ga shi da ƙunshi a tsumman goge inji, ya ajiye a tagar kicin, ya shiga wanka.

Matarsa ta kwance, ta ga 'yan ƙananan albasa masu baƙin ɓawo, kowace ba ta wuce kan babban yatsa ba. Har ta ɗauko wuƙa sai ya fito.

"Ajiye, ba ta miya ba ce," in ji shi. "Guba gare ta. Fure take yi."

"To, Malam, furen za mu ci?"

Dariya kawai ya yi. A bayan wani sito ya haƙo su, inda wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ce masa irin daga ƙetare ya zo.

Ya binne su kusa da famfo. Ganye ya fito siriri kamar ciyawa, rani ya zo ya bushe ƙurmus. Matar ta yi masa jaje, ya ce, "Tana ƙasa, barci take."

Bayan ruwan farko mai ƙarfi, sai ga karare sun tsiro, kowanne ɗauke da fure ɗaya tak, ruwan hoda, cikinsa rawaya. Da hantsi ya buɗe, da yamma ya tsuke, kafin a gama kallonsa ya yanƙwane. Daga nan ɗan ƙwanson da furen ya bari ya fashe, baƙaƙen iri masu faɗi suka zube, ruwa ya kwashe su. Cikin 'yan shekaru furen ya bi gefen kwata har gareji, har katangar makaranta.

Da ciwon baya ya sauke shi daga mota, sai ya koma bin layi da sanda. Ya gargaɗi masu awaki, ya ja wa iyaye kunne kada yara su kai baki. Masu shara kuwa yakan ce musu, "Ku yanke ganyen, amma kada fartanya ta shiga ƙasa."

Shekarar da aka zo shafe gefen kwata da siminti, bai yi gardama da kowa ba. Ya durƙusa da tsohon cokali, yana tono, yana raba 'ya'yan daga uwar, yana zubawa a gwangwanaye. Matarsa na biye da shi da kwano a ka, tana mitar bayan nasa, tana ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta. Kafin masu siminti su iso ƙarshen layin, babu gidan da bai karɓi nasa gwangwanin ba.