Makokin Peni a Wurin Ajiye Mota

Penisimani Lolohea, wanda kowa ke kira Peni, aji ɗaya muka zauna da shi a makarantar mishan a Ha'apai, cikin tsibiran Tonga. A can aka koya mana rubutu mai kyau, da waƙar coci, da wanke ƙafa kafin shiga aji. Ni na riƙe rubutun, shi ya riƙe waƙar. Da muka zo Brisbane muna samari, na sami aikin akawu a tashar jiragen ruwa, shi kuwa girman jikinsa ya sama masa dako a sitocin ulu na Teneriffe, bakin kogi. Sai ya kafa ƙugiya ya fizgo dilar ulu kamar matashin kai. Da yamma warin maiƙon tumaki ne ke riga shi shiga gida. Unguwar ta talakawa ce a lokacin: gidajen katako, shanya a kowace igiya, ranar Asabar kuma hayaƙin gashin nama daga bayan gidan Peni.

Aka rufe sitocin, ya koma gadi. Matarsa ta rasu. 'Yarsa tilo, Kalolaine, ta yi karatu ta zama likitar haƙori. Bayan an gyara tsohon siton da Peni ya yi dako a ciki an yanka shi gidaje na masu kuɗi, ita ce ta sayi ɗaya a hawa na huɗu, ta ɗauko ubanta ya zauna da ita.

Ranar da na fara kai masa ziyara, bakina bai rufu ba. A zauren shiga an rataye ƙugiyar dako cikin gilashi, da fitila a kanta. Wata mata ta wuce mu tana tura kare a keken jarirai.

"Sekope, ka gani?" in ji Peni. "Ƙugiya ta sami gilashi. Ni da na riƙe ta, ko benci ba a ajiye mini ba."

"Kai ai gilashin da zai ɗauke ka ba a ƙera shi ba tukuna, tsoho mai tumbi."

Gidan na da kyau, ba na musu. Ana ganin kogi daga kan gado. Amma an hana shanya a baranda, an hana barin takalmi a bakin ƙofa, an hana hura gawayi. In waƙa ta taso wa Peni, sai ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa ya yi ta ƙasa-ƙasa. Mutumin da muryarsa ke girgiza tagogin coci!

Abu ɗaya ya roƙa, a gabana, a gaban 'yarsa: "In na mutu kada ku ɗauke ni daga firjin ajiye gawa na baƙi ku wuce da ni rami. Ku kawo ni gida in wuni cikin mutanena, a yi mini waƙa da ƙarfi." Kalolaine ta yi masa alkawari.

Ya rasu cikin zafin Fabrairu. Safiyar da motar gawa ta kawo shi, mun cika bakin ginin, kowa da baƙaƙen kaya da tabarma ɗaure a ƙugu kamar yadda muke yi wa mamaci. Samari suka ɗauki akwatin zuwa lifta. Kansa ya shiga, ƙafafun suka rage a waje. Aka karkata, aka juya, ƙofar liftar tana ta bugun akwatin tana komawa. Muka duba matakala. Tsohuwar mai faɗi da muka sani an cire ta, an sa wata siririya ta ƙarfe mai lauje-lauje, wadda ko katifa ba ta bi.

Mai motar gawar ya yi gyaran murya. "A irin waɗannan gine-gine, tsayar da akwatin muke yi."

Kalolaine ta fashe da kuka.

Yayar Peni, Melenaite, ta zo daga Tonga kwana ɗaya kafin nan. A wurinmu in yayar mamaci ta yi magana, zance ya ƙare. Da na fassara mata, ta doka sandarta a ƙasa.

"A tsaye? Ƙanena ya ƙare ƙuruciyarsa a tsaye cikin ginin nan, yau ma ba za a bar shi ya kwanta ba?"

Manajan ginin, wani saurayi mai suna Hargreave, ya ce ya yi mana ta'aziyya, amma ba za a ajiye gawa a zaure ba, zauren na kowa ne. Na fassara mata. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ke Kalo, duk dukiyar da kika zuba a nan, ba ki da ko taki ɗaya a ƙasa? Tsuntsuwa ce ke?"

"Sai wurin ajiye mota, Gwaggo."

"Naki ne?"

"Nawa ne, tare da gidan aka sayar mini."

"To fitar da motar."

Hargreave ya ba mu hanya. Babu dokar da ta hana, domin babu wanda ya taɓa tunanin hanawa.

Muka gangara ƙarƙashin ginin. Mata suka shimfiɗa tabarmi a kan siminti mai tabon baƙin mai, tsakanin layi biyu na fenti, muka kwantar da Peni, mota a dama, mota a hagu. Muka ɗauki waƙa. Ban taɓa jin amsa kuwwa irin ta wurin nan ba.

Muna cikin haka wani mutum ya sauko da makulli a hannu, ya tsaya turus. Ya tambaye ni wa ya rasu.

"Maƙwabcinka," na ce. "Ƙofarku na kallon juna."

"Wane? Babban tsohon nan? Ni na ɗauka ma'aikacin ginin ne."

Shekaru suna gaisawa a lifta. Sai ya tambaya yaushe za mu gama, mun tare masa mota.

"Sekope, me yake cewa?" in ji Melenaite.

"Motarsa yake so."

"Ce masa ya cire takalmi, ya taka mana tabarma."

Ya cire, ya riƙe su a hannu, ya ɗan tsaya kansa a sunkuye. Daga baya ya hau sama a ƙafa, ya bar motar.

Wajen la'asar Kalolaine ta matso kusa da ni, idanunta sun kumbura. "Baba Sekope, nan gida ne? Na cika masa alkawari?"

Na ce mata gida ne, tun da sunanta ke kansa. Ta dubi bango ta ce ba sunanta ba ne, lamba ce kawai. Sai aka ɗauko waƙa ta gaba, muka shiga.