Sauron Mandera

An sa ni cikin aikin sauro ne saboda ni mace ce. Malamin da ke duba aikina na kammala digiri bai ɓoye mini ba. Ana neman wadda za ta shiga ɗakunan matan aure a ƙauyukan Shagari, inda namiji ba ya wuce zaure, ni kuma 'yar Bodinga ce, ina da goggo a Mandera. Kuɗin aikin daga Amurka suke zuwa. A lokacin, wannan bai dame ni ba, kamar yadda ban taɓa damuwa da inda ake saƙa yadin da babana ke ɗinkawa a kasuwa ba.

Aikin ba shi da wuya, sai dai yana son natsuwa. Da sassafe, kafin a ɗaga labule, sai mu shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasan ɗaki da kan gado, mu toshe taga, mu fesa magani, mu fito. Bayan ɗan lokaci mu koma, in tsince sauron da ya faɗo da hantsaki, ɗaya bayan ɗaya, ina sa su a 'yan kwalabe. Tambayata guda ce: shin sauron ya saba da maganin da ke jikin gidan sauron da ake rabawa? Idan ya saba, to yaran ƙauyen suna kwana ne cikin raga kawai. Amsar tana cikin jikin sauron, kuma sai da wasu sinadarai da ake kawowa daga waje za a iya fito da ita.

Matsalata ta farko goggo ce. Na gaya mata tun jajiberi kada a taɓa ɗakin. Da muka iso sai na tarar an share, an yayyafa ruwa, ga kasko a tsakiya turaren wuta na tashi. Ko ƙuda babu.

"Goggo, ai na ce a bar shi yadda yake."

"Ke wagga ɗiya, baƙi na tahe daga birni, in bar su su iske ɗakina awa turken awaki? Mi za a ce da ni?"

"Sauron muke so, Goggo."

"Sauro? Ai na kore muku shi, don kar ya cije ku."

Haka muka yi ta yi. Ba ita kaɗai ba, duk matan unguwar. Wata ta ce ita ba ta share ba, goge ƙasa kawai ta yi. Wata ta kunna turaren a bakin ƙofa, ta ce ai ba a cikin ɗaki yake ba. Ni kuma ba ni da bakin musu da manya. Sai in tsaya ina murza gefen hijabina, in sake bayani a hankali, su ce to, wani zuwan kuma a sake sharewa. Sai da damina ta yi nisa goggo ta haƙura. Ranar da ta bar ɗakin ba shara, ta tsaya a tsakar gida ta juya mana baya, kamar wadda ake yi wa binciken sata. Da ta bari, sauran suka bari. Zanin ya yi baƙi da sauro. Na durƙusa ina tsinta har ƙafata ta yi sanyi, ban kuma ji gajiya ba.

A gida kuwa ana ta zaɓen Amurka. Babana tela ne, rediyonsa ba ya mutuwa, kuma yana da amini baduku da suke maƙwabtaka a kasuwa. Bayan magariba sukan zauna a zaure, in an kai inda rediyon bai gamsar da su ba sai a kira ni in duba a waya. Nakan tsuguna daga bakin ƙofa in karanto musu Turancin in fassara. Baduku yana tare da wanda ya ci zaɓen, wai shi namiji ne, ba ya rufa-rufa. Babana yana tare da duk wanda baduku ba ya so.

Bayan an rantsar da sabon shugaban, labaran suka fara zuwa a jere. Ana kama baƙin haure ana mayar da su. Ana sallamar masu bincike daga aiki. Ana gardama kan allurar rigakafi, irin gardamar da na ɗauka mu kaɗai muke yi. Sannan wata rana na karanto cewa an dakatar da tallafin da ake ba ƙasashen waje. Na fassara musu shi da murya ɗaya da sauran, ban gane kaina nake karantawa ba sai da malamina ya kira ni bayan kwana biyu ya ce aikinmu ya tsaya.

"Ka ji ko?" in ji babana ga baduku. "Mutuminka ya kori ɗiyata daga aiki."

"Haba Malam, shi ina ya san ta? Ya san Mandera?"

"To shi ne abin haushin. Da ya san ta da sauƙi."

Suka yi dariya, ni ma na yi, na tashi na shiga ciki.

An ce dakatarwa ce ta ɗan lokaci, za a sake dubawa. Motar aikin ta daina zuwa. Sinadaran ba su iso ba. Kwalabena suna cikin firij a ɗakin gwaji, kowace da sunan ƙauye da lambar ɗaki da rubutuna, nakan bi su ina dubawa duk mako. Na koma karanta labaran Amurka fiye da littattafaina. Na san wace kotu ta ce a ci gaba, wace ta ce a tsaya, na san yadda majalisarsu ke zama, abin da ban sani ba game da tamu. Kowace safiya nakan buɗe waya ina neman layi ɗaya da ya shafi sauro. Na gaji da ƙasar da ban taɓa gani ba.

Da zafi ya shigo, man janareta ya ƙare tare da kuɗin aikin, firij ya daina sanyi. Malam ya ce ko sinadaran sun zo yanzu ba zai amince da abin da zai fito daga waɗannan kwalabe ba. Ya ce in rubuta abin da nake da shi: yawan sauro a kowane ɗaki, da irinsa, da watan da aka kama shi. Zai ishe ni in kammala digiri. Na rubuta shi da kyau, na duba kowane shafi sau da yawa, ban bar kuskure ko ɗaya ba.

Ranar da na kare aikin a gaban malamai, wani malami da ya zo daga wata jami'a ya juya shafukan, ya yaba da tsarin. Sannan ya cire tabarau ya ce, "To, 'yata, sauron ya saba da maganin ko bai saba ba?"

Na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Ya dubi malamina, malamina ya dubi tebur. Baƙon malamin ya rubuta wani abu a takardarsa, ya ce in kira ɗalibin da ke bi mini.