Rodaji da Naƙuda a Hanyar Djougou

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, tafiyar da aka yi da ni daga Parakou zuwa Djougou ina da cikin fari ba za ta fita daga raina ba. Zamanin juyin juya hali ne, kowa ya zama kamarad, har mai tallar doya. A lokacin ne mai gidana, ɗan kasuwar yadi, ya ga ya dace ya sayo wata jar mota irin ta tsere, kujera biyu, cikinta na shafar ƙasa. Ya manna mata takarda a baya wai tana rodaji. Makanike ya ce masa sabon inji sai da lallami, kada ya wuce gudun arba'in sai ta ci kilomita dubu. Ko wa'azin liman bai taɓa riƙewa haka ba.

Cikina ya tsufa, za a kai ni gidanmu in haihu yadda aka saba. Na ce mu hau motar haya. Ya ce, "Haba, ga mota a gida? Tafiyar ma za ta ƙara mata kilomita." Wato ni 'yar rakiya ce.

A shingen Tourou wani jandarma ya zagaya ta. "Kamarad, wannan ai ta 'yan jari-hujja ce." Mai gida ya ce, "A'a kamarad, arba'in kawai take yi." Gaskiya ya faɗa kuwa.

Hanyar jar ƙasa ce mai kunya-kunya kamar kwanon rufi. Kowane direba ya san da gudu ake bin irinta, in ka yi sanyi ta girgiza ka har haƙoranka su haɗu. Mu dai arba'in. Motocin auduga suna wuce mu suna hon, shi kuma bini-bini ya tsaya ya buɗe gaba ya taɓa inji ko ya yi zazzaɓi. Ni ba a taɓa goshina ba.

Bayan azahar marata ta murɗa. Na ce, "Malam, abin fa ya zo, taka motar nan." Ya dubi allurar gudu, ya dube ni, ya ƙara biyar. Allah ya saka masa da alheri. Can faya ta fashe, sai na ji ya ce, "Innalillahi, kujerar!"

A nan tsoro ya kama ni na gaske, don na daina jin motsin ɗan. Na zura mayafina ta taga ina kaɗawa, har wata tsohuwar akori-kura cike da mata masu man kaɗanya ta tsaya. Direban dattijo ne mutumin Nijar. Wata gyatuma ta leƙo, ta gane, ta ce wa mai gida, "Alhaji, ci gaba da renon taka, mu za mu kai wannan."

Motar da ƙofarta ke ɗaure da igiya, ita ta tashi da ni kamar iska har matanite, wato asibitin haihuwa. Yaron ya fito cibiya a naɗe a wuya, bai yi kuka ba sai da ungozoma ta wahala. Ta ce da mun ƙara jinkiri kaɗan, da wani zancen ake. Babu namiji namu a kusa, sai direban nan ya yi alwala ya yi masa kiran salla a kunne.

Dab da magariba mai gida ya iso, salansar motar ta faɗi a hanya ya ɗauro ta a baya. Yana haki ya ce, "Ina yaron? A kawo in yi masa huɗuba." Innata, da aka kirawo daga gida, ta ce, "An yi tun la'asar." Ya zauna a benci ya sunkuyar da kai, har aka idar da salla bai ɗago ba.

Ranar na koyi cewa tattali ba laifi ba ne, amma kafin ka lallaɓa abu, duba ka ga wanne ne in ya lalace ake samun wani a kasuwa.