Sautun Ƙwallon Talabijin

Kwanan baya ɗan autana ya zo yana sosa ƙeya, wai in ba shi kuɗi ya kai wa mai shago a ajiye masa sabon gem, wato akwatin wasan talabijin, wanda ko ƙasar nan bai shigo ba tukuna. Na yi dariya har hulata ta faɗi. Da dariyar ta wuce kuma sai na tuna ni ma na taɓa biyan kuɗin hoto.

Lokacin soja ke mulki, kuɗin mai ya yi ambaliya, ko akuya ta yi kuka sai ka ɗauka ƙarin albashi take nema. Ina akawu a kamfanin siminti a Kalambaina, ina haya a Gidan Dare, sabon aure, sabuwar talabijin. A ɗakin da ke kallon namu akwai wani malamin firamare, Kirista, mutumin Filato, dogo ne har in zai shiga zaure sai ya yi ruku'u. Ticha nake ce masa, shi kuma ya ce mini Akawu.

Mu biyu muka haɗa kuɗi muka sayi akwatin wasa, irin wanda ake jonawa da talabijin. Wasa ɗaya tak ke ciki: sanda nan, sanda can, ɗigon haske na kai da kawowa yana ƙit, ƙit. Amma kullum bayan la'asar muna kan tabarma har a kira magariba. In na tashi shan ruwa sai ya ce zai riƙe mini hannuna, wato abin juya sandata, da amana. In dawo in tarar ya zura mini uku.

"Ticha, wagga wace irin amana ta?"

"Akawu, sandarka ce ta yi barci. Na tashe ta, ta ƙi."

Ban taɓa cin sa ba, ko sau ɗaya. Ga shi kuma ya gaya mini takardarsa ta komawa gida ta fito, wata biyar suka rage masa a Sakkwato.

Ana haka kawun matata, wani Alhaji mai zuwa Legas saro rediyo da fanka, ya nuna mini hoton sabon akwati a wata takarda mai ƙyalli. Ƙwallon ƙafa! Ciyawa kore shar, 'yan wasa har da gashin baki, gola yana shawagi kamar shirwa.

"Bai iso ba, shina cikin jirgin ruwa," in ji Alhaji. "Wanda yab ba da sautu yanzu shi ka fara samu. Sati biyu."

Kuɗinmu ba za su kai ba sai mun sayar da tsohon. Ticha ya ce, "Akawu, mu bari sai mun gan shi da ido." Na ce masa tsoro ne kawai, ya san a ƙwallo zan ci shi har ya mance lissafin da yake koyarwa. Kwana uku ina hura masa kunne. A na huɗu ya ɗaga kafaɗa. Muka sayar wa wani tela a Minanata, na kai wa Alhaji kuɗin da hannu biyu.

Abin da ban tuna ba, sautu a hannun suruki na ba da shi. Mai shago za ka iya tsayawa a kansa ka yi ta faɗa. Kawun matarka fa? In je in durƙusa, in tambayi gajiya, in tambayi iyali, in tambayi ruwa, in tambayi mota, saura kaɗan in tambayi lafiyar kajin gidan, amma bakina ba zai iya cewa akwati ba. Shi ne in ya ga dama zai ce, "Kayanku na teku." Wai jirage sun yi layi a Legas, yawancinsu ma siminti suka ɗauko. Ni da nake wuni cikin siminti, shi ne ya je can ya tare mini hanya.

Sati biyu suka zama wata biyu. Muka gwada dara, ba ta karɓe mu ba. Ticha ya koma duba littattafan ɗalibai a ƙofar ɗakinsa, ni na koma majalisar bakin titi. Ba faɗa muka yi ba. Ashe wannan ƙit, ƙit ɗin ne ke zaunar da mu wuri ɗaya, a tsakaninsa muke hirar gida da albashi da tsohuwarsa da ba ta da lafiya. In mun haɗu a zaure sai ya ce, "Akawu, jirginmu ya shigo Gulbin Rima?" Da farko ina dariya. Daga baya na fara fita da wuri don kada mu haɗu.

Na koma wajen tela in fanshi tsohon. Ya ce ko da keken ɗinkinsa zai rabu, ba da wannan ba.

Wata Asabar da hantsi aka ɗora kayan Ticha a babbar mota. Ya kama hannuna ya ce, "In ya iso, ka riƙe mini hannuna da amana."

Bayan wata biyu akwati ya iso. Nan take na jona shi. 'Yan wasan masu gashin baki sanduna ne, huɗu maimakon biyu. Ciyawa kuwa, talabijin tawa ba mai kala ba ce, abin da ban taɓa tunawa ba sai ran nan. Matata ta gwada sau ɗaya ta ce tuƙin tuwo ya fi ma'ana. Na ajiye hannun Ticha a kan tabarma, a daidai inda yake zama, na zura masa sha biyar ba ko ɗaya. Na kashe talabijin.

Wasiƙa biyu muka yi wa juna, sai shiru. Ban taɓa rubuta masa cewa akwatin ya zo ba.

Shi ya sa na tambayi ɗana, tsohon gem ɗinsa fa? Ya ce da shi zai cika kuɗin. Na ce ya mai da shi ɗaki, ya kira abokinsa su buga yau ɗin nan. Ranar da sabon ya sauka a shago na gan shi da idona, ni zan saya. Ya fita yana gunaguni, wai Baba rowa ta kama shi.