Tsakuwar Layin Dogo

Ina aji uku a makarantar 'yan mata ta mishan a Kafanchan lokacin da malamar kimiyya ta ce ranar raba kyaututtuka za mu nuna wa iyaye yadda duniyoyi tara ke zagaya rana. Aka zana da'ira tara da toka a filin wasa. Kowace yarinyar da aka ba duniya za ta ɗauki duma mai fenti. Mu sauran aka tura mu layin dogo tsintar tsakuwa: mu ne ƙananan duwatsun da ke yawo tsakanin duniyoyin Mars da Jupiter, ba suna, ba da'irar kanmu.

Pluto nake so. Ita ce ta ƙarshe, can nesa cikin sanyi, har na rubuta mata baiti biyu a bayan littafin lissafi. Kuma da'irarta ce ke bi ta gaban bencin iyaye, inda Baba zai zauna. Sai aka ba 'yar ƙanen Baba, wadda muke ɗaki ɗaya da ita, wai don ita ce ƙarama a aji.

Kwana uku ina laburare. Na gano cewa Ceres, babba cikin duwatsun nan, an daɗe ana kiranta duniya, sai da aka ga irinta birjik a hanya ɗaya aka sauke ta. Na kai wa Malama littafin.

"Malama, me ke sa abu ya zama duniya? In girma ne, Pluto ma 'yar mitsitsiya ce. Hanyarta ma a karkace take."

"Su kansu masanan ba su gama daidaitawa ba," in ji ta. "Amma littafin jarrabawa ya ce tara. Ke Pluto kike so, ko so kike a sauke ƙanwarki?"

Na sunkuyar da kai. Ta zaɓo mini dutse mafi girma, ta ce in gaya wa iyaye sunana Ceres.

Ranar, ƙanwata ta bi ta gaban Baba a hankali, shuɗin duma a kanta. Ya tafa. Ni ina can tsakiya cikin tarin 'yan mata. Na faɗi sunana, usur ɗin jirgin ƙasan Fatakwal ya haɗiye shi.

A hanyar gida ta ce, "Yaya, kin ga Baba ya tafa mini?"

"Na gani."

Baba ya tambaya ko ni ba a sa ni a wasan ba ne. Na buɗe hannu na nuna masa. Ma'aikacin reluwe ne. Ya jujjuya dutsen, ya ce na layinsu ne, in mayar inda na ɗauko. Ban mayar ba.